Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa amfilifaya da sifika, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran kayan sauti a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi bayan la'asar ya san musun nan da ba ya ƙarewa. Wannan ya rantse cewa Crown ce mai bas mai nauyi, wancan ya ce tsohuwar Sansui ta babansa ta fi duk na zamani zaƙi, na uku ya ce shi in ba mai ƙatuwar taransifoma ba, wadda sai mutum biyu sun kinkima, ba ya ma kiranta amfilifaya. Ni ma nakan tsoma baki. Amma ƙonannun koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin sifika, da suka cika kwalin da ke ƙarƙashin teburina, babu ko ɗaya da sunan kamfani ya ƙona. Haɗin da bai dace ba ne ya ci su.

Babban tarkon da ke jiran mai saye a shagunan Adum shi ne lambar wat da aka rangaɗa a jikin kwali. Za ka ga an rubuta 3000, a gefe kuma da ƙananan haruffa PMPO. Wannan lambar talla ce, ba ta da ma'auni guda da kowa ya yarda da shi. Wadda za ka nema ita ce RMS, ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a ɗore, a kan om nawa (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta), kuma tashoshinta biyu, na hagu da na dama, suna aiki tare. Idan ba a rubuta ba, juya bayanta ka duba fiyus. Wutarmu a Gana bolt 230 ce, saboda haka fiyus mai amfiya 2 ba zai bar abin da ya wuce kimanin wat 460 ya riƙa shiga ba, kuma wani kaso na wannan zafi zai zama. To ina 3000 ɗin za ta fito?

Ko lambar ta gaskiya ce, mutane na ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. Wani Alhaji daga kwamitin wani masallaci ya taɓa zuwa wurina ya ce, "Masta, mun canza mai wat 200 mun sayi mai 400, amma na sahun baya har yanzu ba sa jin liman." Na ce, "Ranka ya daɗe, ninka wat ba ya ninka ƙara." Desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, abin da kunne zai ji ya ɗan ɗaga. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato wat sau goma. Lambar da ta fi muhimmanci tana jikin sifikar: yawan desibel ɗin da take bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Sifika mai 97 da aka ba wat 50 za ta yi ƙara daidai da mai 88 da aka ba wat 400. Sifikun falo yawanci suna tsakanin 85 da 90, na taro kuwa sukan haura 95, shi ya sa wanda ya fito da na falonsa titi ranar suna yake shan kunya. A fili kuma, duk sanda nisa ya ninka, ana rasa kimanin desibel 6. Abin da masallacin Alhaji ke buƙata ƙarin sifika ne a tsakiyar sahu, ba sabuwar amfilifaya ba.

Sai maganar om, inda masu kiɗan biki, 'yan sifina, suka fi faɗawa. Biki ya cika, mai gayya ya ce a ƙaro sifika, sai yaro ya ɗauko waya ya jona daga wannan akwati zuwa wancan. Sifika biyu masu om 8 da aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. In huɗu ne sun koma om 2. Duk sanda om ya sauka, amfilifaya tana jan wuta da yawa, tana ɗaukar zafi, kuma da yawansu an rubuta a bayansu cewa kada a sauka ƙasa da 4. Mai kirki za ta kashe kanta ana tsakiyar rawa, maras kirki ta yi hayaƙi. Abin da ma ƙwararru ke mantawa shi ne birij, wato haɗe tashoshi biyu su zama ɗaya: a nan kowace tasha rabin om ɗin take gani, don haka sifika mai om 4 ta zamar mata kamar 2. Gyaran ba wuya. Ka ƙirga kafin ka jona, ka raba sifikun tsakanin tashoshi biyu, ko ka haɗa bibbiyu a jere, baƙin ta farko da jan ta biyu, sannan ka gama su, huɗu masu om 8 su dawo 8. In ka sa mita ka ga 6 ko kusa da haka a sifikar da aka rubuta 8, kada ka ce an cuce ka, haka mita ke nunawa.

Akwai wani zato da ya zauna a zukata, wai ƙaramar amfilifaya ba za ta iya ƙona babbar sifika ba. Tana ƙonawa ƙwarai. Idan aka matsa mata fiye da ƙarfinta, sai ta riƙa datse kan igiyar sautin, jar fitilar gargaɗi da ke gabanta ta kama ta ƙi mutuwa, sautin ya yi kaushi kamar ana yaga takarda. A wannan hali zafin da ke shiga tiwita, ƙaramar sifikar siririn sauti, ya wuce abin da siririn koyil ɗinta zai jure. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke ba da shawarar amfilifayar da ta ninka ƙarfin sifika sau ɗaya da rabi zuwa biyu, a kuma bar mata sarari. Ba lasisin murɗa maɓalli har ƙarshe ba ne, don babbar ma tana yaga ufa, wato sifikar bas. Jar fitila ta riƙa ƙiftawa jefi-jefi babu laifi. In ta zauna daram, rage daga mikisa, na'urar haɗa sauti da ke ba amfilifaya.

Waya kuwa ana zaluntarta ta fuska biyu. Wasu na kashe ɗaruruwan sidi kan mai kan zinare don falon da bai wuce taku biyar ba, wasu kuma na jan siririyar wayar fitila mita 30 zuwa bakin titi. Na biyun ne ke asara ta gaske. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 0.5, zuwa da dawowa mita 60, tana da kusan om 2 ita kaɗai. In sifikar mai om 4 ce, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin a waya ya ƙare. Mai kaurin 2.5 ba ta kai rabin om ba. A kuma kula da ja da baƙi: in aka juya na sifika ɗaya, bas ɗin biyun sai su cinye juna, mutum ya yi ta zagin amfilifaya. Taɓa batirin tocila mai bolt 1.5 a wayar, ka ga ko dukkan ufa waje suke turowa tare.

Mu koma musun rumfa. Shin da gaske wata amfilifaya ta fi wata zaƙi? A 1985 injiniya Bob Carver ya ƙalubalanci mujallar Stereophile ta Amurka, ya gyara tasa mai sauƙin kuɗi har editocin suka kasa bambanta ta da mai tsadar da su da kansu suka zaɓa. A 1987 kuma mujallar Stereo Review ta sa mutane saurare ba tare da sun san wacce ke aiki ba, suka kasa rarrabe mai araha da mai tsada yadda za a dogara da shi. Ra'ayina shi ne, amfilifaya biyu masu lafiya, da ba a matsa musu ba, bambancinsu kaɗan ne ainun in aka gwada da na sifika da na ɗaki. Bambancin yana fitowa ne in an kai su bango, ko in sifikar mai wuyar ja ce, ko in amfilifayar mai kwalba ce, irin ta dā mai amfani da kwalaben gilashi a cikinta, wadda yadda take amsa sifika daban ne (ita kuma kada a taɓa kunna ta babu sifika a jone). Mai shago ya san cewa wadda ta ɗan fi ƙara ita kunne ke cewa ta fi daɗi. In za ka gwada, daidaita ƙarar su biyun da mita, ka juya baya, ƙaninka ya riƙa canzawa. Nauyi ma ba hujja ba ne yanzu: na zamani da ake kira aji D ba su da nauyi, kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka ja suna miƙa wa sifika, ba sa kuma wahalar da janareto.

Kayan gwanjon da muke kira hom-yus suna da nasu tarkon. Na Japan bolt 100 suke ci, na Amurka 120. Ka karanta bayanta kafin ka soka a bango, in ba ta da maɓallin sauyawa ka nemi taransifomar rage wuta da ta fi ƙarfinta. Lokacin dumso, wato yawan ɗauke wuta, da zarar an ɗauke wuta kashe amfilifaya, kada wutar ta dawo ta same ta a buɗe. Ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa, don kada ƙarar "dum" ɗin mikisa ta daki sifika. Daga Disamba kuma, in hunturu ya shigo da ƙura, ka buɗe ragar fanka ka kakkaɓe, ka bar mata tazarar tafin hannu daga bango, kada ka ɗora mata darduma a kai don kare ta daga ƙurar.