Yadda ake canza jirgi a tashar Clapham Junction ba tare da ka ɓace ba

Idan ka sauka a filin jirgin sama na Gatwick za ka shiga kudancin Landan, mai yiwuwa ka bi ta tashar nan. Jiragen ƙasa wajen 2,000 ke ratsa ta kowace rana, dandamali 17 gare ta.

Da farko, kada sunan ya ruɗe ka. Tashar a unguwar Battersea take. Da aka buɗe ta a 1863, kamfanonin jiragen sun ga Clapham unguwar masu hannu da shuni ce, sai suka ari sunanta. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ma ba ya zuwa nan. Jirgin Gatwick Express kuwa wucewa yake yi bai tsayawa, don haka daga Gatwick jirgin kamfanin Southern za ka hau.

Na biyu, riƙe lambobi. Kamfanoni daban-daban ne suka shimfiɗa layukansu gefe da gefe, kuma har yau rabon na nan. Dandamali na 1 da na 2 na Overground ne, wato jiragen zirga-zirgar unguwannin Landan. Daga 3 zuwa 11 layin tashar Waterloo ta tsakiyar Landan ne. Daga 12 zuwa 15 kuma layin tashar Victoria ta tsakiyar Landan da garin Brighton.

Na uku, kana sauka ka tsaya gefe guda ka karanta allo. Kada ka bi ayari don ka ga suna sauri, kowa da inda ya dosa.

Sai zaɓen hanyar tsallakawa, kuma nan ne baƙo ya fi shan wuya. Hanya biyu ce: ta ƙarƙashin ƙasa da gadar sama. Ta ƙasan matsattsiya ce. Da yamma, lokacin tashi daga aiki, kafaɗa na gugar kafaɗa, akwatinka na karo da ƙafafun mutane. Ni dai gadar nake bi. Ta fi faɗi, akwai lif mai sauke ka a dandamali, kuma ta tagoginta kana hango layukan dogo jere reras. Mai kaya ko goyo kada ma ya yi shawara.

Wajen shiga jirgi ka dubi ƙafarka, musamman a dandamali na 17. A lanƙwashe yake, akwai rata tsakaninsa da ƙofar jirgi. Fara ɗaga akwatin ka tura ciki, sannan ka kama hannun yaro ku tako tare.