Ga wanda ya sauka Maradi da ƙananan yara: yaushe za a kai su lakwal, wato makarantar boko?

Da yawa daga cikinmu da muka ƙetaro daga Katsina, Kano, Sakkwato ko Zamfara mun shigo Maradi ne da tunanin babu wani sabon abu da za mu koya. Hausa ɗaya, tuwo ɗaya, ga dangi ta ko'ina, daga Jibiya kuwa kafin ka gyara zama a mota ka wuce Ɗan Isa. Kasuwa kam ba ta ba mutum wuya, cikin 'yan kwanaki zai iya lissafin jika da dala. Inda ake tuntuɓe shi ne makarantar yara, musamman ga wanda ya zo da 'yan shekara uku zuwa bakwai, don a nan ne za ka tabbatar lallai wata ƙasa ka shigo.

Tsarin Nijar gadon Faransa ne. Akwai jardan, wato makarantar share fagen firamare, ta 'yan shekara uku zuwa biyar, kuma ba dole ba ce. Sai firamare mai aji shida, CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Daga nan kwaleji, wato ƙaramar sakandare, shekara huɗu a yi jarrabawar BEPC, sai lise, babbar sakandare, shekara uku a yi jarrabawar BAC. Dokar ilimi ta 1998 ta ce 'yan shekara shida ko bakwai ake ɗauka a CI. Makarantun firamare a watan Oktoba suke buɗewa, ba Satumba ba kamar gida, wani lokacin ma a ɗaga: a 2024 ambaliyar da ta yi wa jihar Maradi mummunar ɓarna ta sa sai ranar 28 ga Oktoba aka koma aji a duk ƙasar.

Mu kuma mun zo da wata ɗabi'a ta biranen Najeriya. Yaro yana shekara biyu a goya masa jaka, yana huɗu ko biyar ya shiga firamare, a tsallake masa aji shida, iyaye suna alfahari ɗansu ya gama sakandare yana sha biyar. Wanda ya taso da ganin haka, in aka ce masa ya jira ɗansa ya cika shida, sai ya ji kamar an ce ya zubar da shekara biyu a banza. Makarantar gwamnati za ta duba takardar haihuwa ta ce a dawo baɗi. Sai uba ya nufi mai zaman kanta, kuma a cikinsu ba za a rasa wadda za ta karɓi ɗan shekara huɗu da rabi a CI ba, tunda za a biya.

Shawarata ita ce kada ka yi haka. Ka bari yaro ya cika shida cif kafin Oktobar da zai shiga CI. In watan Disamba ko Janairu zai cika, kuma ka ga har yanzu da sauran ƙuruciya a jikinsa, ka bar shi sai zagayowar shekara, babu abin da ka rasa.

Sai ka leƙa ajin CI za ka gane dalili. Yara ne cike da ɗaki, a makarantun gwamnati na cikin gari sau da yawa sun fi ƙarfin malami ɗaya nesa ba kusa ba. Kowa na riƙe da ɗan allonsa na arduwaz da guntun alli da tsumman gogewa. Mushe ko madam, kamar yadda ake kiran malami da malama a nan, za ta faɗi harafi, kowa ya sunkuya ya rubuta, ta buga tebur, alluna su tashi sama gaba ɗaya, ta bi su da ido, ta sake bugawa a goge, a wuce na gaba. Wanda hannunsa bai yi ƙwari ba yana nan yana kokawa da harafin farko an riga an kai na uku. Rubutun ma ba irin namu ba ne na haruffa a warwatse, tun farko haɗaɗɗen rubutu ake koya musu mai lanƙwashe-lanƙwashe, a kan kaye, wato littafin rubutu, mai ƙananan layuka da dole kowane harafi ya tsaya inda aka ce. Ga kuma harshen da yaron bai taɓa ji a gida ba. Ɗan shekara shida zai sha wuya wata biyu ko uku ya kama hanya. Ɗan huɗu da rabi kuwa barci zai riƙa yi a kan benci, ya koyi buɗe baki tare da jama'a ba tare da ya san abin da ake faɗa ba, kuma malamin da ke fama da ɗaki guda ba shi da sararin lura da shi.

Na ga haka da idona a gidan wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa, mutumin kirki mai son karatun 'ya'yansa. Yaronsa mai baki ne, ya iya ƙirga har ɗari da Turanci tun a gida, sai aka ce ai wannan ya wuce jardan. Da aka yi kwamfozisiyo, wato jarrabawa, ta ƙarshen shekara bai kai maki biyar cikin goma da ake nema ba. Aka tura shi CP da roƙo, a can ma abin ya ƙi, dole ya maimaita. Maimaicin bai dame ni ba kamar yadda na ga yaron ya koma. Yaron da ke tare baƙo da surutu ya zama kowace safiya cikinsa na ciwo, kuma da kansa yake cewa shi ba ya da ƙwaƙwalwa. Shekarar da aka yi wa gaggawa an biya ta, an kuma ɗora masa tsoron makaranta a kai.

Na san lissafin da ke hana iyaye barci. Shida da huɗu da uku sha uku ke nan, wanda ya shiga CI yana shida zai yi BAC yana sha tara in bai maimaita ko sau ɗaya ba, alhali ɗan ƙanenka da ke Kano yana sha bakwai ya shiga jami'a. Gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka tuna ko a gida gaggawar ta fara cin masu ita, domin an tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, yaran da aka yi ta tsallake musu aji suna zaune suna jiran shekaru su cika. A nan kuma maimaita aji abu ne da ake yi ba kunya ba tsoro, BEPC da BAC ba jarrabawar wasa ba ce. Yaron da ya shiga da ƙwarinsa ya wuce kowane aji sau ɗaya shi zai riga wanda aka tura da wuri yana tafiya yana faɗuwa.

Shekaru kaɗai ba su isa hukunci ba, sai an dubi yaron. Iyayenmu suna da ma'auninsu: a ce yaro ya ɗora hannu ta bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen, ko a duba ko ya fara famfara. Ba su yi nisa da gaskiya ba, don duk wajen shekara shida zuwa bakwai abin ke faruwa, kuma shekara bakwai ɗin ce aka umarce mu mu fara sa yara salla. Ni abin da nake dubawa ya fi haka sauƙi. Zai iya zama a ba shi tatsuniya har ƙarshe, ya maimaita maka ita ba tare da ya haɗa kai da gindi ba? In ka aike shi abu biyu a shago, zai kawo biyun? Yana zagayawa da kansa ya yi tsarki, ya ɗaura wandonsa? Zai yini ba ya kukan uwarsa? In wani ya ƙwace masa alli, zai iya buɗe baki ya faɗa wa malami? Ka haɗa da jikinsa. Zafin Maradi na Afrilu da Mayu ba ya ragawa babba balle yaro, kuma shi zai taka da ƙafarsa ya dawo gida da tsakar rana. Yaron da ya sha fama da zazzaɓin damina ya rame, ka bar shi ya murmure tukuna.

To kafin shida fa, a zauna haka nan? A'a. Ga wanda ke da hali, shekara ɗaya a jardan yana da biyar tana da amfani ƙwarai, musamman ga ɗan baƙo, don kunnensa zai saba da Faransanci ta hanyar waƙa da wasa, hannunsa ya saba da alli. Shekara ɗayan nan ta wadatar. Amma don Allah kada ka biya kuɗi ta hannun wani, ka je da ƙafarka ka ga ɗakin da za a ajiye maka ɗa. Duk wanda ke garin nan ranar 8 ga Nuwamba 2021 ba zai manta ba, ranar da wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta, yara fiye da 20 suka rasu, 'yan shekara biyar da shida. Watanni kaɗan kafin nan an yi irinta a Yamai. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Bayan haka gwamnati ta hana sa 'yan jardan a rumfar zana, amma har yau ana ƙarancin azuzuwan gini, kuma sau da yawa ƙananan aji ake turawa rumfa. Ka duba da me aka yi ɗakin, ƙofa nawa gare shi, ina ruwan sha, ina makewayi, akwai masu tuya da wuta a jikin katanga ko babu. In hankalinka bai kwanta ba, gara yaron ya ƙara shekara a gida.

Makarantar allo kuwa ba ta jiran Oktoba, kuma babu unguwar da ba ta da ita, daga unguwar Zariya har Bagalam. Ɗan shekara huɗu zai iya bin yayyensa ya zauna kusa da gida, ya fara da Fatiha da ƙananan surori, ya koyi zama gaban malami. A gida kuma a yi ta masa magana da Hausa mai kyau, a ba shi tatsuniya da kacici-kacici, a sa shi ƙirga ƙwallayen goriba. Wanda ya iya karatun boko ya nuna masa ba, bi, bo da Hausa, domin a da i da o na Faransanci kusan yadda muke furta su suke. Abin da ke rikita yaranmu shi ne ABCD ta Turanci da suka haddace: harafin da suka sani da suna "i" a nan wani ne daban, wanda suke kira "ji" shi ma haka. Tun a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma akwai makarantun gwamnati da ke fara koyar da karatu da ita kafin a shiga Faransanci, abin da aka soma gwadawa a Damagaram tun 1973. Ka tambayi darakta, wato shugaban makaranta, ko tasu tana ciki. Wanda kuma ya fi son a haɗa da Larabci, akwai makarantun Faranko-Arab, su ma shekarun shiga ɗaya ne.

Wanda ya zo da yaron da ya riga ya yi aji biyu ko uku a gida, ya shirya zuciyarsa: za a gwada shi, kuma da wuya ba a mayar da shi baya ba, tunda ba ya jin Faransanci. Ba raini ba ne. Ɗan shekara bakwai ko takwas in ya koma CI ko CP yakan kama da sauri, don ya riga ya san mene ne karatu. In yaron ya kai goma ko sha ɗaya, ko kuma kai kanka zaman shekara ɗaya ko biyu ya kawo ka, to ku zauna da mahaifiyarsa ku yi shawara tun kafin a yi rajista, wataƙila barinsa ya ƙarasa firamare wajen kakanninsa ya fi masa alheri da a yi ta jansa tsakanin tsari biyu.

Maganar takarda kuma a ɗauke ta da muhimmanci. Wanda aka haifa a Najeriya a zo da takardar haihuwarsa ta hukumar ƙidaya. Wanda aka haifa a nan a yi masa rajista tun yana jariri, ta asibiti ko ofishin magajin gari, don in lokaci ya wuce sai an bi ta kotu. 'Yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro tun 2019 zuwa yankunan Gidan Rumji da Madarunfa, da yawansu sun fito ba ko takarda ɗaya, su je su yi wa darakta bayani, kada rashinta ya sa a ɓoye yaro a gida. Abin da nake roƙo shi ne kada a ƙara wa yaro shekara a takarda don ya shiga da wuri. Ranar da aka rubuta ita za ta bi shi har BEPC da BAC da neman aiki, kuma ƙarin da aka yi a takarda ba ya ƙara wa hannunsa ƙwari.

Jinkirin ma yana da iyaka, kuma a nan na fi jin tsoro saboda 'ya'ya mata. Sau nawa ake cewa a bar ta ta ƙara wayo, alhali raino take yi ko talla, sai ta kai tara kafin a tuna da ita. Yarinyar da ta shiga CI tana tara za ta gama CM2 tana sha biyar, ta fi kowa tsawo a aji, masu neman aure sun fara sallama a ƙofar gida, kwaleji kuwa sai dai ta ji labari. Tun Disambar 2017 akwai dokar gwamnati da ke kare karatun yarinya har ta kai shekara 16, amma dokar ba za ta mayar mata da shekarun da aka cinye tun farko ba. Mace ko namiji, kada Oktobar shekara bakwai ta wuce yaro yana gida. Tun cikin Satumba ka je makarantar unguwarku da takardar haihuwa, ka gaisa da darakta, ka tambayi ranar ɗaukar sababbi da abin da COGES, kwamitin kula da makaranta, ke karɓa, don gurbin CI a makarantun da mutane suka yarda da su ba ya daɗewa bai cika ba.