Yadda ake hada kunun bentonite don kada bututu ya cije a karkashin kasa

In ana tura bututun kankare ta karkashin titi ba tare da an fasa kwalta ba, abin da ke shan karfin jak, wato na'urar da ke tura bututun, ba tonon gaba ne kadai ba, kasa ce ke rike jikin bututun ta kowane gefe, kuma duk bututun da aka kara rikon sai ya karu. Maganinsa kunun bentonite, wata laka ce mai kumbura in ta sha ruwa.

Kan injin tono yana yanka ramin ya dan fi bututun fadi, to wannan yar tazarar ita za ka cika da kunun ta kofofin da ke jikin bututun. In ta cika sosai kunun yana like bangon ramin kamar yabe, kasa ba za ta rufto ba, bututun kuma sai ya rika sulbewa cikin santsi maimakon ya goga da yashi.

Wajen hadi ake yawan yin kuskure wallahi. Fara duba ruwanka, in mai gishiri ne ko mai yawan sinadarin kalsiyam bentonite ba zai kumbura yadda ya kamata ba, mai kalsiyam din sai ka zuba masa soda ash (garin sodium carbonate) tukuna. Ka rika barbada garin bentonite a hankali injin hadi na juyawa don kada ya yi gudaji, sannan ka bar shi ya jiku, kar gaggawa ta sa ka tura shi danye. Gwada kaurinsa da mazurarin Marsh, wanda ake auna lokacin da kunu ke dauka ya tsiyaye ta cikinsa, ruwa zalla wajen dakika 26 yake dauka, kunu kuwa dole ya fi haka. Kasa mai yashi da tsakuwa tana son mai kauri saboda mai ruwa-ruwa zurarewa yake ya bace, in kuma yumbu ne mai kumbura ana kara wani sinadari da ake kira polima don kada ya sha ruwan ya matse bututun.

Famfon tura kunun ma da lura, in matsin ya yi yawa kunun na iya bullowa sama ko ya daga titi.

Abin da na fi jin tsoro shi ne tsayawa. Ka tashi aiki da yamma, da safe ka ga allurar ma'aunin matsin jak ta haura sosai kafin bututu ya motsa, don kunun yana daskarewa in ya zauna, kasa kuma ta samu lokacin kwantowa. Saboda haka kafin ka tashi ka cika tazarar, da safe ma ka fara bude famfo kafin ka taba jak.