Yadda Ake Ɗaure Bututun Numfashi Kada Ya Goce Lokacin Tiyata

Da zarar allurar barci ta kama majiyyaci, aka kuma ba shi maganin da ke sakar da tsokoki, numfashinsa ya koma hannun wanda ke tsaye a kansa. Bututun da aka zura masa a maƙogwaro shi ne kaɗai hanyar da iska za ta bi ta isa huhu. Zura shi aikin 'yan daƙiƙoƙi ne. Riƙe shi a inda aka ajiye shi har a gama tiyata, wani lokacin sa'o'i da dama, shi ne abin da sabon ma'aikaci ya fi rainawa.

Bututu yakan goce ta hanya biyu. Ko dai ya zame ya fito waje, ko kuma ya ƙara nutsewa ciki ya wuce mararrabar da maƙogwaro ya rabu biyu. In ya nutse, galibi reshen dama yake faɗawa, domin ya fi na hagu faɗi kuma ya fi shi miƙewa. Sai a wayi gari huhu ɗaya ne ke shan iska, ɗayan ya lotsa. Wannan na biyun ya fi yaudara, don ba ya zuwa da hayaniya.

Kafin ka taɓa filasta, ka tabbatar bututun yana cikin maƙogwaro, ba hanyar abinci ba. Babbar shaida ita ce na'urar da ke nuna iskar da huhu ke fitarwa: zanenta ya riƙa hawa yana sauka da kowane numfashi, ba sau ɗaya ko biyu ba. Sai ka saurari ƙirji dama da hagu, a wajen hammata, ka ji ko sautin ya daidaita. Duk wannan lokacin hannunka ɗaya na riƙe da bututun, yatsunka a jingine da kumatun majiyyaci, ta yadda ko kansa ya motsa hannunka zai bi shi.

Daga nan ka duba lambar da ke jikin bututun daidai haƙoran gaba. A manya, abin da aka saba gani shi ne kusan santimita 21 ga mace, 23 ga namiji, amma gajeren mutum da dogo ba su zama ɗaya ba. Ga yaron da ya wuce shekara biyu, a raba shekarunsa biyu a ƙara 12, a ɗauke shi a matsayin ƙiyasi kawai. Faɗi lambar da baki kowa ya ji, kuma ka rubuta ta a takarda. A ganina wannan lambar ta fi filastar kanta muhimmanci, don ita ce za ta gaya maka daga baya ko wani abu ya motsa.

Ka auna iskar da ke cikin 'yar balan-balan ɗin da ke kusa da ƙarshen bututun a cikin maƙogwaro, wadda ke toshe gefensa kada iska ta zurare. Matsinta ya tsaya tsakanin 20 da 30 a ma'aunin santimita na ruwa. Latsa ta da yatsa a ce "ta yi" ba awo ba ne. Kuma kada a cika ta da iska da sunan za ta riƙe bututu, ba aikinta ba ne, sai ma ta hana jini isa fatar cikin maƙogwaro.

Yanzu ɗaurin. Goge fuskar ta bushe sarai, don filasta ba ta kama fata mai maiƙo ko yawu. Fara manna ta a kumatu ɗaya, ka bi ta saman leɓen sama, ka naɗe bututun zagaye biyu daidai inda ya fito daga baki, sannan ka ƙarasa a ɗaya kumatun. Dalilin zaɓar muƙamuƙin sama shi ne ba ya motsi. Na ƙasa kuwa duk lokacin da baki ya buɗe zai ja bututun ya tafi da shi. Duba kada leɓe ya maƙale tsakanin bututu da haƙori, kada kuma ka naɗe siririn tiyon hura balan-balan a cikin filastar. Lanƙwasa bakin filastar kaɗan a ƙarshe, don in gaggawa ta taso ka samu abin kamawa da safar hannu.

Mai gemu da saje, ko wanda fuskarsa ta ƙone, filasta ba ta yi masa. Sai a yi amfani da igiyar auduga a ƙulla a jikin bututun a zagaya ta bayan wuya, a bar sararin da yatsa ɗaya ko biyu za su shiga. In ta matse, takan danne jijiyoyin da ke dawo da jini daga kai, shi ya sa ake guje mata ga mai rauni a ƙwaƙwalwa. Ga bututun da aka bi da shi ta hanci, a kula kada ya riƙa dannar gefen hancin, don fatar wurin saurin mutuwa take yi.

Sa abin hana cizo tsakanin turamen haƙora, ba na gaba ba. Sannan ka tallafe dogayen tiyon da suka haɗa majiyyaci da injin numfashi. Nauyinsu kaɗai ya isa ya janye bututu a hankali a ƙarƙashin mayafin tiyata ba wanda ya gani.

Inda aka fi samun matsala shi ne juya majiyyaci. In aka sunkuyar da kai haɓa ta nufi ƙirji, bututu yakan ƙara nutsewa. In aka ɗaga haɓa sama, yakan janyo waje. A babba motsin na iya kai santimita biyu, a jariri kuwa ɗan kaɗan ya isa ya fitar da shi gaba ɗaya. Haka in an hura ciki da iska don tiyatar kyamara aka kuma karkatar da gado kai ƙasa, mararrabar ce ke hawowa ta tarar da bakin bututun. Saboda haka lokacin juyi, mai kula da numfashi ne ke riƙe da kai, shi ke ƙirga ɗaya, biyu, uku. A cire tiyon injin na ɗan lokaci, a juya, a mayar.

Wanda za a kwantar rub da ciki yana buƙatar ɗauri mai ƙarfi fiye da kowa, don yawu zai riƙa gangarowa yana jiƙa filasta, fuskar kuma ba ka ganinta sosai. Yi amfani da filastar da ruwa ba ya ci, ka ƙara wata a kai. Bayan kowane juyi, ka sake duba lambar da ke haƙora, ka saurari ƙirji ɓangare biyu, ka kalli zanen na'ura. In matsin iska a injin ya tashi haka kawai ko oksijin ya fara sauka, fara leƙa lambar nan kafin ka nemi wani dalili.