Kurakuran da aka fi yi wajen karanta sunayen mutanen Tirakiya a zamanin Romawa

Tirakiya ita ce yankin da yau ya rabu tsakanin Bulgeriya da arewa maso gabashin Girka da ɓangaren Turkiyya na Turai. Sarki Kalaudiyus ya mayar da ita lardin Rum a shekara ta 46 miladiyya. Yawancin abin da muka sani game da mutanenta daga duwatsun kaburbura da allunan tagulla na sallamar sojoji ya fito, wato daga sunaye. Nan ne kuma masu fara karatun tarihin suke yawan zamewa.

Babban kuskure shi ne da an ga sunan Latin sai a ce mai shi ɗan ƙasar Rum ne. A Gloucester ta Ingila akwai dutsen kabarin wani barde mai suna Rufus Sita, na runduna ta shida ta Tirakiyawa. Ya mutu yana da shekara 40, bayan shekara 22 a bakin aiki. Rufus sunan Latin ne tsantsa, amma sojan rundunonin taimako, wato rundunonin waɗanda ba 'yan ƙasar Rum ba, sai ya cika shekara 25 ake ba shi matsayin ɗan ƙasa, don haka alamu sun nuna ajali ya riga shi. Irin wannan suna a barikin soja ake tsintarsa, don hafsoshi su iya kira. Gyaran shi ne a duba ginin sunan gaba ɗaya. Cikakken ɗan ƙasa suna uku gare shi: na gaba, na zuriya, da na ƙarshe, wani lokaci har da gundumar zaɓe irin Quirina ko Papiria. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa sunansa ɗaya, sai a bi shi da na mahaifinsa, kamar a ce Bithus ɗan Teres. Romawa ba su ɗauki abin da wasa ba, domin Kalaudiyus ya haramta wa baƙi amfani da sunayen zuriyar Romawa.

Akasin wannan ma kuskure ne, wato a ga sunan Tirakiyawa irin Mucapor ko Seuthes ko Cotys a ce mai sunan talakan lardi ne kawai. Sabon ɗan ƙasa yakan ɗauki sunaye biyu na farko daga sarkin da ya ba shi matsayin, ya ajiye nasa na gado a ƙarshe. Shi ya sa ake samun Tiberius Claudius ko Titus Flavius ko Marcus Ulpius a gaba, sunan gida a baya. Mutumin bai yar da sunan yankansa ba, kuma bai haɗa jini da gidan sarauta ba, kada a ɗora masa dangantakar da ba shi da ita.

Sai maganar Aurelius, wadda a ganina ta fi kowacce ruɗarwa. A shekara ta 212 sarki Karakala ya ba kusan duk 'yantattun mazauna daular matsayin ɗan ƙasa. Sunansa na hukuma Marcus Aurelius Antoninus ne, sai ƙauyuka suka cika da masu amsa Aurelius da Aurelia. Masanin tarihi Cassius Dio ya ce haraji sarkin yake hari, tunda akwai harajin gado da 'yan ƙasa kaɗai ke biya. To amma ba kowane Aurelius ne ɗan 212 ba. Marcus Aurelius, wanda ya yi mulki daga 161 zuwa 180, da ɗansa Commodus su ma sun raba wannan suna, sannan suna gado ne, jika na iya ɗauke da shi shekaru da yawa bayan kakansa. Sunan zuriya yana nuna lokacin da rubutun ba zai riga shi ba, ba ranar da aka sassaƙa dutsen ba. Kuma bayan 212 sunan ya daina nuna wani fifiko, tunda manomi da attajiri duk sun same shi.

Kada kuma a dogara da sunan runduna. A Cirencester akwai kabarin Sextus Valerius Genialis, barde a rundunar dawakin Tirakiyawa, alhali rubutun da kansa ya ce mutumin ƙabilar Firisiyawa ne daga arewacin Turai. Runduna tana riƙe sunanta na asali, amma sababbin kurata daga inda ta sauka ake ɗebo su.

Harshen rubutu ma ba hujja ba ne. A Filibopolis, wato Plovdiv ta yau, da Girkanci aka fi rubutu, har a kan kaburburan 'yan ƙasar Rum. A nemi sunan mahaifi da na 'ya'ya a dutse ɗaya, a duba wurin da aka tono shi, kafin a yanke hukunci kan matsayin mai kabarin.