Yadda ake gabatar da bayanan shari'ar aure a wata kotu a Kano

Sau da yawa rigimar gida ko fili a Babbar Kotun Kano tana komawa kan abin da aka yanke tun farko a Kotun Shari'a: saki, riƙon yara ko rabon gado. Idan za ka gabatar da wancan hukuncin a matsayin shaida, alƙali ba zai karɓi hoton takardar da ka ɗauka da waya ba.

Fara da rubuta wa magatakardar kotun da ta yi shari'ar, ka sa lambar ƙara, sunayen masu ƙara da shekarar hukunci. Ka nemi kwafin da aka tabbatar, ka biya kuɗin, ka adana rasit. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi a rubuta a ƙasan kwafin cewa ya yi daidai da asali, da kwanan wata, sunan jami'in, muƙaminsa, sa hannunsa da hatimi idan doka ta ba shi ikon amfani da hatimi. Duba su ɗaya bayan ɗaya kafin ka bar ofishin. Rashin guda ya isa lauyan abokin shari'a ya nemi a yi watsi da takardar.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne harshe. Yawanci an rubuta bayanan da Hausa, Babbar Kotu kuwa da Turanci take aiki, don haka a haɗa da fassara, mai fassarar kuma ya shirya ba da shaida.

Idan ba ka cikin waccan shari'ar kuma aka hana ka kwafin, lauyanka ya roƙi kotu ta aika wa magatakarda sammacin kawo fayil. A nemi shafukan da suka shafi rigimar kaɗai. Sirrin ma'aurata da sunayen yara amana ne, ana iya roƙon alƙali ya saurari wannan ɓangaren a keɓe.