Kalmar close: duba maƙwabciyarta kafin ka fassara

Jama'a, ga wata 'yar dabara ga masu fama da Turanci. In ka ga close a rubuce, kada ka yi saurin fassarawa, fara duba abin da ke biye da ita.

In to ce ta biyo baya, kusa ake nufi. Close to the market, kusa da kasuwa ke nan. In kuwa the ko your ce, galibi rufewa ne ko kammalawa, kamar rufe ƙofa, rufe asusun banki, ko ɗaure ciniki.

Dalili kuwa, aiki biyu take yi da rubutu ɗaya. Kunne ma yana rabewa: ta kusanci da sautin s take ƙarewa, ta rufewa da z.

Ni ma sai da na ƙone na koya. Saƙo ya shigo wayata cewa registration closes Friday, na karanta a gurguje, na ɗauka cewa ake yi rajista ta matso. Litinin na isa da kuɗina a aljihu, an riga an rufe. Kuɗin mota ya tafi a banza.

Amma fa dabarar tana da iyaka. Close friend ba to a ciki, amma amini ne na kusa. Close of business lokacin tashi daga aiki ne. In kuma ka gan ta a adireshi, kamar yadda ta cika unguwannin Abuja, layi ne da ba ya ɓullewa. Ka gaya wa mai adaidaita tun kafin ya kutsa.